Kano, Abuja ko Jos: ina ya dace matashi ya fara zuwa ba tare da babba ba?

Da zarar an gama jarrabawar NECO, gidaje da yawa a Kaduna sukan shiga muhawara iri ɗaya. Yaro ɗan shekara 17 ko 18 ya kammala sakandare, sakamako bai fito ba, jami'a ba ta kira ba, shi da abokansa biyu sun tara 'yan kuɗi, suna so a bar su su je wani gari daga Juma'a zuwa Lahadi, su kaɗai. Uwa takan ce a'a tun kafin a kai ƙarshen magana, uba kuma ya ce zai yi tunani. Ni ina cikin masu ganin a bar su. Yaron da nan da 'yan watanni za a tura Sakkwato ko Maiduguri karatu, gara ya fara koyon shiga tasha da kwana a gidan da ba nasu ba a tafiyar kwana biyu, da a ce ranar rajistar jami'a ce ranarsa ta farko a hanya. Abin da ya rage a tattauna shi ne wane gari.

Na ɗauki Kaduna a matsayin inda za a tashi, da garuruwa ukun da yaran suka fi ambata: Kano, Abuja da Jos. Su yara da hoton da suka gani a TikTok suke zaɓe. Ku iyaye, abin da ya kamata ku fi zuba wa ido shi ne awa ɗayan nan da ke tsakanin saukarsu daga mota da isarsu ƙofar gidan da za su kwana. A nan ne jaka ke rataye a kafaɗa, waya na hannu ana neman kwatance, fuska kuma na nuna wa kowa cewa baƙi ne. Garin da ya sauƙaƙa wannan awa ɗaya ya riga ya yi nisa a gasar, komai ƙarancin wuraren ɗaukar hotonsa.

Mu fara da hanya.

Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne, titi mai tagwaye, ta Jaji, Zariya, Kwanar Ɗangora da Kura. An gyara wannan ɓangaren, awa uku ta isa idan ba a samu tsaiko ba. Babban alherinsa shi ne yawan motoci: a tashar Kawo ba a daɗe ana jiran lodi, kuma idan mota ta lalace a hanya akwai garuruwa a jere da wasu motocin da za a canza. Haɗarin wannan hanya gudu ne, tunda titi ya yi kyau. A ja wa yaran kunne su shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wanda za a kira, kuma 'yan kamasho sun san direban. Motar bakin titi ta fi araha da 'yan ɗaruruwa, amma babu wanda ya san ta. Kada kuma su yarda a haɗa su biyu a kujerar gaba.

Abuja tana da abin da sauran biyun ba su da shi, wato jirgin ƙasa. An buɗe layin a 2016, tsawonsa kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu, yana tsayawa a Kubwa, tafiyar ba ta gaza awa biyu ba. Ana sayen tikiti ta intanet da lambar NIN, kowa da kujerarsa, akwai jami'an tsaro, babu direban da zai ce zai sauke ku a wani wuri daban. Ga matashin da bai taɓa tafiya shi kaɗai ba, wannan ita ce tafiya mafi tsari a cikin ukun. Akwai ma wata riba da ba kowa ya lura da ita ba: ma'aikatan Abuja masu iyali a Kaduna suna tahowa gida Alhamis da Juma'a, su koma Lahadi da Litinin. Yaranku kishiyar haka za su yi, don haka ba za su shiga rububin tikitin ba.

Ba za a ɓoye ba, kowa ya tuna harin 28 ga Maris 2022 kusa da Katari, wanda ya sa jirgin ya daina aiki har watan Disamba na shekarar. Bayan nan ma an sha dakatar da shi na ɗan lokaci saboda kauce wa layi da gyare-gyare, saboda haka a tabbatar yana aiki a makon tafiyar. Idan ba ya aiki, shawarata a ɗage tafiyar Abuja gaba ɗaya. Titin mota na Kaduna zuwa Abuja, da tarihin garkuwa da mutanen da ya yi a wajajen Rijana da Katari, da aikin gyaran da ya daɗe ana ja, ba inda za a koyi tafiya ba ne.

Jos ita ce mai nisan wahala. Ta Pambeguwa, Saminaka da Jengre ake bi, titi ɗaya ne ba tagwaye ba, awa huɗu zuwa biyar, kuma motocin ba su cika da sauri kamar na Kano. Juma'a ta tafi a hanya, Lahadi ma haka, Asabar kaɗai ta rage.

To, an sauka. A nan ne garuruwan suka rabu sosai.

A Kano za a sauke su a Na'ibawa ko Unguwa Uku, kuma kafin su gama gyara jaka adaidaita sahu biyar sun tsaya. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013, adaidaita ce ƙafar garin, tana shiga ko'ina, kuɗinta kuma bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. Su uku za su iya ɗaukar shata har ƙofar gida, mai masaukin ya yi wa direban kwatance ta waya da Hausar da duka suke ji. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya ɓata a Kano zai tsaya wajen mai shayi ko ƙofar masallaci ya yi sallama ya tambaya, a nuna masa, wani lokaci ma a haɗa shi da yaron da zai raka shi. Sunaye kaɗan zai haddace, Dangi, Ƙofar Nasarawa, Bata, 'Yankura, Kabuga, Zoo Road, garin ya fara zama masa a kai.

Matsalar Kano sananniya ce: ƙwacen waya, sau da yawa da makami. Dokar a nan gajeriya ce. Ba a fito da waya a cikin adaidaita, ba a tafiya ana latsa ta a gefen titi, ba a ratsa wuraren da babu jama'a a jikin ganuwa bayan magariba, idan kuma tsautsayi ya sa an tare ka, ka miƙa, kada ka yi gardama. Wanda yake da tsohuwar ƙaramar waya a gida ya tafi da ita. A 2022 gwamnatin jihar ta hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, amma yaron da aka yi wa tarbiyyar tafiya bai kamata ma ya kai wannan lokacin a waje ba. Sai kuma batun Hisba: mai aski irin na 'yan ƙwallo da wando a gwiwa ya gyara kafin ya tafi, don an sha jin labarin samarin da aka yi wa askin dole.

Abuja kuwa don mai mota aka zana ta. Tashar Idu tana can gefen gari, kuma yawancin 'yan'uwan da muke cewa suna Abuja a gaskiya suna Kubwa ne, ko Lugbe, Nyanya, Dei-Dei, Zuba, ko ma Mararraba da ke jihar Nasarawa. Idan gidan yana Kubwa, Dutse ko Gwarinpa, a sauka a tashar Kubwa, an huta. Idan yana Mararraba, sai an ratsa birnin gaba ɗaya sannan a shiga cunkoson Nyanya. Jirgin cikin gari da aka sake buɗewa a Mayun 2024 yana haɗa Idu da tsakiyar birni da filin jirgin sama, ya taimaka, amma ba ya kai mutum unguwa. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, Keke Napep ma ba ko'ina ake barinsa ba. Abin da ya rage shi ne tasi, kuma a nan ne 'yan wan-cans suke: mota ce kamar kowace, da fasinjoji a ciki har da mace, ashe duk bakinsu ɗaya, sai an yi nisa su karɓe waya, su tilasta wa mutum ya tura abin da ke asusunsa, su jefar da shi. Manya 'yan gari ma suna faɗawa hannunsu, balle yaro mai jaka a baya. Maganin shi ne a kira mota ta Bolt ko inDrive, a duba lambar motar kafin a shiga, a tura wa na gida bayanin tafiyar. Sai dai kuɗin wannan zirga-zirga na kwana biyu yana iya zarce kuɗin tikitin jirgin zuwa da dawowa.

Jos ƙaramin gari ne idan aka kwatanta, Keke Napep na zagaya shi, kusan kowa na jin Hausa ko wace ƙabila ce shi, mutanenta kuma suna da fara'a ga baƙo. A ranar da lafiya lau, wato mafi yawan ranaku, ta fi sauran biyun daɗin yawo. Amma rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun bar garin da wata taswirar rabuwar addini da ba a rubuta ba: Unguwar Rogo, Gangare, Bauchi Road a gefe guda, Unguwar Rukuba, Tudun Wada, Jenta a ɗaya gefen. Mutane suna cuɗanya a Terminus da kasuwar Farin Gada kullum, amma idan jita-jita ta tashi, ɗan gari ya san titin da zai bi da wanda zai kauce wa, baƙo bai sani ba. Kisan da aka yi wa matafiya a hanyar Rukuba a Agustan 2021, da dokar hana fitan da ta biyo baya ta rufe mutane a inda suke, bai yi nisan da za a manta ba. Wannan gargaɗi ya shafi yaro Musulmi da yaro Kirista daidai wa daida. Ɗan Kaduna zai ce ai ya saba, tunda garinsu ma kogi ya raba shi biyu tun bayan rikicin 2000. Gaskiya ne, amma taswirar Kaduna a cikinta aka haife shi. Baƙon gari makaho ne ko da idonsa biyu.

Idan aka zo maganar abin gani, dole in ba Jos haƙƙinta, domin ta fi su. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga sanyi, ga duwatsun da aka ɗora wani kan wani. Gidan tarihinta, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ɗauke da gumakan yumɓun Nok, kusa da shi kuma akwai filin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da ƙasa. Ga gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ga duwatsun Shere, ga magangarar ruwan Assop a hanyar Akwanga, ga gwaten acca da dankalin turawa a araha. Sai dai abubuwan da suka fi jan hankalin matasa a nan su ne mafi haɗari. Tafkunan nan masu kyau a hoto da ke kewayen Jos da Bukuru ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, suna da zurfi da sanyi, gaɓarsu kuma a tsaye take, sun ci rayuka da dama. Hutun bayan jarrabawa kuma a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin da duwatsu ke santsi, ruwan Assop ke da ƙarfi. Samari uku, babu babba, kowa na son ya burge a bidiyo: ku ƙarasa lissafin da kanku.

Abin ganin Kano a cure yake wuri guda, kuma kusan kyauta ne. Da sassafe a hau Dutsen Dala a ga birnin a shimfiɗe har Goron Dutse. A sauko a shiga Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a bi layin dukawa da na masu turare da na littattafai. Daga nan Gidan Makama, inda tarihin garin yake a ɗaki-ɗaki, ga Gidan Rumfa a kusa, sai karofin Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarsa da 1498, inda har yau ake rini da baba a ramuka. Da rana a leƙa Kantin Kwari a ga yadda ake juya dilolin atamfa da shadda zuwa Nijar, Chadi da Kamaru. Masu son waya za su nace sai sun je Farm Centre, a bar su, amma da sharaɗin kallo kawai. Da yamma Ado Bayero Mall a Zoo Road ga mai son sanyin na'ura da hoto. Gidan Zoo yana nan kusa, ko da yake ni ban ga abin da zai sa a ɓata masa awa biyu ba. Abinci kuwa, gurasa bandashe, tsire, masa da miyar taushe, fura da nono, kuɗin faranti ɗaya a wani gidan abincin Abuja zai ciyar da su ukun. Kuma akwai wani karatu da Kano ke bayarwa wanda babu shi a manhaja: yaron da ya taya kaya a Kurmi aka ce masa albarka, ya juya zai tafi aka kira shi, ya koyi wani abu game da kuɗi da mutane.

Abuja tana da tsafta da faɗin titi, kuma ranar Asabar da Lahadi tsakiyar birnin fayau yake. Millennium Park, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003, wuri ne mai kyau na zama a ci abinci a kan ciyawa. Akwai tafkin Jabi da kantin da ke bakinsa, Masallacin Ƙasa da babbar majami'ar ƙasa suna hangen juna, ga Kasuwar Wuse, ga gidajen sinima. Yaro ya ga babban birnin ƙasarsa da idonsa abu ne mai amfani. Amma bayan rabin yini, duk abin da ya rage sai da kuɗi, kuma tsakanin kowane wuri da na gaba sai an sake kiran mota.

Maganar masauki ba ta da tsawo: gidan ɗan'uwa, ba otal ba. Otal mai mutunci ba ya son ba wa wanda bai kai 18 ba ɗaki, wanda zai bayar ba tare da tambaya ba kuma shi ne wanda ba ku so ɗanku ya kwana a ciki. A Kano Hisba na kai samame irin waɗannan wurare. A Abuja tsada ce, ga masu tallan ɗakunan haya a Instagram da ke cewa a turo kuɗi tukuna. Kuma kada a bar wa yaro kiran mai masaukin. Uba ko uwa ne za su ɗaga waya: “Yaya, ga 'ya'yanki nan tafe ranar Juma'a, su uku ne, Lahadi za su juyo. Duk dokar gidanki ta hau kansu, wanda ya ƙetare ki kira ni.” A haɗa su da 'yar tsaraba, kada su shiga gidan mutane hannu na dukan cinya. Kada kuma su wuce uku: adaidaita ɗaya ta ɗauke su, ɗaki ɗaya ya ishe su, kuma ba su yi yawan da wani zai ɓace ba a lura ba. Wannan sharaɗi na masauki yana iya rushe duk abin da na faɗa a sama. Kawu mai mota a Jos wanda zai tarye su a tasha ya kuma zagaya da su ya fi Kanon da babu kowa.

Game da 'yan mata, gidaje da yawa sun rufe maganar da hukuncin tafiya ba muharrami, kuma wannan hurumin iyaye ne da malamansu. Inda ake son yarinya ita ma ta ga gari, hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa ta da yayanta ko ƙaninta da ya mallaki hankalinsa, a kai su tasha, goggo ko inna ta tarye su a can. Jirgin Abuja ya fi dacewa da wannan tsari, saboda lokacin tashinsa da na isarsa sanannu ne.

Kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, don haka a aika a tambayo a tasha a makon tafiyar. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin: Kano ce mafi araha, Jos a tsakiya, Abuja a sama da tazara mai yawa. Kuɗin dawowa a ware shi tsaba, a sa a wani aljihu daban, ba a taɓa shi ko da me. Sauran a raba tsakanin hannu da asusu, saboda ranar da sabis ya ɗauke mai POS ba zai yi musu komai ba. Kowa ya riƙe katin makaranta ko takardar NIN saboda shingayen hanya, ya kuma rubuta lambobi uku a takarda, don wayar da aka ƙwace da lambobinta take tafiya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra kuma 122.

A duba kalanda ma. Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, hawan Dala da sanyin safiya ya tashi ke nan. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen cika yake maƙil, ba ranar baƙo ba ce. Makon Sallah, lokacin zaɓe da ranakun zanga-zanga duk a kauce musu a garuruwan uku. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma sanyin Jos sai da rigar sanyi ta gaske.

Da ni za a tambaya, tafiyar farko Kano. Hanyarta ta fi sauƙin gyara idan wani abu ya karkace, harshen nasu ne, adaidaita na kai su har ƙofa, kuma da wuya a samu gidan Hausawa a Kaduna da ba shi da kowa a can. Abuja ta zo ta biyu, bisa sharaɗi uku da ba a sassautawa: jirgi na aiki, akwai mai tarya a Idu ko Kubwa, akwai kuma kuɗin kiran mota ta waya har a dawo. Jos a ajiye ta sai tafiya ta biyu ko ta uku, da rani, a gidan wanda ya san garin. Wanda ɗansa bai wuce 15 ko 16 ba kuwa, ya fara da Zariya, kilomita 80 kacal: a tafi da safe, a ga harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a cikin birni, a dawo kafin magariba.

Ko wanne aka zaɓa, ranar Juma'a a bar gida da ƙarfe 7 na safe, don a isa kafin a fara rufe tituna saboda sallah. Ranar Lahadi kuma su kasance a tasha kafin azahar, ko da mai masaukin ya ce su tsaya a sauke tuwo.